Shekarar Hidima: Daga Mus'abu Zuwa Zaurukan Kusfa

Darasinmu na wannan mako a kan hidima ne, watau mutum ya keɓe wani yanki na rayuwarsa, ya zauna cikin wata jama'a yana yi musu aiki saboda Allah.

Wannan abu yana da asali a Musulunci. Bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, a shekara ta 621 Miladiyya, Annabi (S.A.W.) ya aiki Mus'abu ɗan Umairu zuwa Madina. Mus'abu saurayi ne ɗan gata, wanda mutanen Makka suka sani da tufafi masu tsada da turare. Ya sauka a gidan As'adu ɗan Zurara, yana cin abin da suke ci, yana bin unguwanni yana karantar da Alƙur'ani. A hannunsa manyan gari irin su Usaidu ɗan Hudairu da Sa'adu ɗan Mu'azu suka musulunta. Da shekara ta kewayo, maza 73 da mata 2 suka yi mubaya'ar Aƙaba ta biyu. Ashe hidimar shekara guda ce ta share fagen Hijira.

Malamanmu sun gaji wannan tafarki. A unguwannin ilmi na birnin Zazzau, kamar Kusfa da Kona da Juma, ɗalibi yakan zo daga nesa ya sauka a zauren malam ko a zawiya. Da asuba ya share zaure, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗebo ruwan alwala, sa'an nan ya ɗauki karatunsa na Iziyya ko Risala, ya biya wa ƙanana allunansu. Da damina ya taya noma. In an yi rasuwa a unguwa, da shi za a haƙa kabari. Ba shi da albashi, amma yana samun abin da ba ya cikin takarda: haƙuri, da ƙanƙan da kai, da sanin yadda ake zama da mutane.

To, tun 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, gwamnati ta wajabta wa waɗanda suka gama jami'a shekarar bautar ƙasa. Da yawa daga samarinmu suna ɗaukarta ɓata lokaci, suna ƙidayar kwanaki kamar fursuna. Wannan hasara ce, domin dama irin ta Mus'abu ce ta zo musu har gida. Ɗan kuɗin da ake ba su duk wata ba ya hana lada, muddin niyya ta gyaru.

Sharuɗɗan abin uku ne. Na farko, ikhlasi: wanda ya yi domin a yabe shi, yabon ne rabonsa. Na biyu, zama da jama'a: ya halarci jam'i da su, ya gaida marar lafiya, ya koyi harshensu, kada ya raina abincinsu. Na uku, ya ba da abin da ya iya: likita ya duba talaka, malami ya buɗe ajin dare, kuma kada ya yi fatawa a kan abin da bai sani ba.

Masu masauki su ma da nasu nauyin. Anas ɗan Maliku ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara goma, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Saboda haka duk wanda ya mayar da ɗalibi lebura, ya bar shi ba karatu, ko ya tura yaro bara da sunan neman albarka, lalle ya ci amana, kuma za a tambaye shi.

Allah ya sa ayyukanmu su zama dominsa, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.