LASIN SAYAR DA GIYA: AIKIN MAJALISA DA HAKKIN JAMA'A

Duk wanda ya yi niyyar buɗe sabuwar mashaya a Jimeta ko a cikin garin Yola, ba shi da ikon fara ciniki sai ya sami lasin daga Ƙaramar Hukumarsa. Mutane da yawa suna tsammanin wannan magana ce tsakanin mai nema da ma'aikatan Hukuma kaɗai. Alhali kuwa maƙwabta ma suna da ta cewa, kuma ya kamata su san lokacin da maganarsu za ta yi amfani.

Asalin Dokar

A cikin 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, wadda ta hana kai barasa mai ƙarfi sassan Afirka inda ba a saba da ita ba. Da Turawan Ingila suka ci Yola a 1901, sai lardin ya shiga ƙarƙashin wannan hani kamar sauran Arewa. Dokar Giya ta 1917 ta kasa Nijeriya uku, watau inda aka hana sayarwa, da inda aka ƙayyade, da inda ake sayarwa da lasin.

A 1976 aka yi gyaran da ya kafa Ƙananan Hukumomi a madadin En'e, a shekarar kuma Yola ta zama hedkwatar Jihar Gongola. Jihar Adamawa ta samu a 1991. Yanzu Jimeta ita ce mazaunin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tsohon garin Lamiɗo kuwa na Yola ta Kudu. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa ba da lasin giya da lura da sayar da ita cikin ayyukan Majalisar Ƙaramar Hukuma.

Abin da Majalisa ke Dubawa

Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci kan manyan laifuffuka daga shekarar 1999. Jimeta kuma gari ne na bakin Kogin Binuwai, wanda fatauci da aikin gwamnati suka tara wa ƙabilu da addinai dabam-dabam. Saboda haka wajibi ne kansiloli su auna kowace takardar nema bisa doka, ba bisa son zuciya ba. Ga abubuwan da ya kamata su bincika:

1. Halin mai nema: ko an taɓa kama shi da laifin da ya shafi wannan sana'a.
2. Wurin da za a kafa mashayar: kusancinsa da masallaci, ko coci, ko makaranta, ko asibiti.
3. Ginin kansa: rahoton duba-gari kan makewayi da magudanar ruwa da hanyar fita idan gobara ta tashi.
4. Zaman lafiyar unguwa: ra'ayin 'yan sanda da mai unguwa, da yawan mashayun da ke wurin tun dā.

Gaskiya ne kuɗin lasin yana cikin kuɗaɗen shiga na Ƙaramar Hukuma. Amma Majalisar da ta dubi kuɗi kaɗai, ta bari aka kafa mashaya a ƙofar makaranta, ta ci amanar waɗanda suka zaɓe ta. Haka kuma wadda ta hana mutum lasin don ƙabilarsa ko jam'iyyarsa.

Hakkin Maƙwabta

Wanda yake da ƙorafi, sai ya rubuta wa Sakataren Ƙaramar Hukuma tun kafin Majalisa ta yanke shawara, ya sa hannu, ya riƙe kofe. Lalle ya ambaci dalili takamaimai, kamar kiɗan dare, ko toshe hanya da motoci, ko kusanci da wurin ibada. Wanda bai iya rubutu ba yana iya bi ta hannun kansilansa ko mai unguwa. Shi ma mai nema yana da hakkin a ji ta bakinsa.

Lasin ba gado ba ne, sabunta shi ake yi. Idan mai mashaya ya sayar wa yara, ko ya mai da wurin matattarar ɓata-gari, jama'a suna iya neman a ƙi sabuntawa. Wanda bai gamsu da hukuncin Majalisa ba, ƙofar kotu a buɗe take. Amma jifa ko ƙona shago laifi ne, kuma a gari kamar Jimeta ƙaramar husuma tana iya rikiɗa ta zama rikicin addini. Don haka ake kira ga jama'a da su kai kukansu da wuri, ta hanyar da doka ta shimfiɗa.