Birki ko Salansa: Amsa ga Wani Maharbi

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka, wanda ya saba fita farautar barewa idan sanyi ya shigo, ya aiko mini da mas'ala cewa bindigarsa tana shurinsa a kafaɗa har ya fara runtse ido tun kafin ya ja kunama, ga shi kuma masu sayar da kayan farauta sun raba masa hankali, wasu na cewa ya ɗaura mata birki a baki, wasu na cewa salansa.

Asalin al'amarin ɗaya ne, domin iskar nan mai zafi da ke biyo harsashi idan albarushi ya kama, ita ce ke ƙara ƙarfin shurin, ita ce kuma ke kawo mafi yawan ƙarar. Birki gajeren ƙarfe ne mai huji a gefe, yana karkatar da iskar dama da hagu, sai shurin ya ragu ƙwarai, bakin bindiga ya rage ɗagawa, har maharbi ya ga inda harsashinsa ya sauka. Amma ƙarar da a da take tafiya gaba, yanzu kansa take komowa, da kan abokin da ke tsaye kusa da shi, da karensa wanda ba shi da abin toshe kunne. Idan kuwa a kwance ya yi harbin bisa busasshiyar ƙasa, sai ƙura ta turnuƙe masa fuska, dabbar ta ɓace masa.

Salansa kuwa, wadda Hiram Percy Maxim ya sami takardar mallakar ƙirarta a 1909 (mahaifinsa ne ya ƙera bindigar nan mai ruwan harsashi da Turawa suka zo da ita Kano da Sakkwato a 1903), bututu ce mai ɗakuna a ciki, inda iskar ke tsayawa ta huce kafin ta fita a hankali. Ba ta mai da bindiga bebiya kamar yadda ake nunawa a majigi, tunda harsashin da ya fi sauti gudu yana da tasa tsawar. Sai dai ƙarar bindigar farauta takan kai desibel 160, alhali masana sun yi ittifaƙi cewa abin da ya haura 140 yana iya illata ji ko da sau ɗaya ne, ita kuwa salansa takan rage 20 zuwa 30, ta kuma sassauta shurin gwargwado. Aibinta nauyi da tsawo da tsada, sa'an nan tilas a sake daidaita saiti bayan an ɗaura ta.

Da na auna maslaha da mafsada, rinjaye a wurina yana ga salansa, saboda kafaɗa tana yin tsami ta warke cikin kwana biyu, amma ƙananan gasun da ke can cikin kunne idan suka mutu ba su sake tsirowa, kuma ji amana ce da za a tambayi bawa a kanta. Shi ya sa maharba da yawa a Finland da Norway da Birtaniya suka riƙe ta. Birki sai bisa larura, ga babbar bindiga mai mugun shuri, da sharaɗin kowa ya toshe kunnensa.

Saura batun hukuma. Tun 1934 dokar Amurka ta wajabta yi wa salansa rajista, wasu jihohi kamar California sun haramta ta ɗungum. Ɗan'uwa, ka fara binciken dokar jiharka, ka sami izini a hannu kafin ka karɓe ta, kuma ko bayan ka ɗaura ta, kada ka je filin gwajin harbi ba tare da matoshin kunne ba.