Nauyina Ya Tsaya Cak, In Ƙara Rage Abinci?

Tambaya: Ina tattaki kullum, na rage ci, na fara ramewa, sai nauyina ya tsaya. In ƙara matse cikina?

Amsa: 'Yar'uwa, ki rage, amma kaɗan, kuma ba da gaggawa ba. Jikin da ya sauke kilo biyar ba ya ƙona kalori kamar da, domin ɗaukar nauyi ma aiki ne, don haka abincin da ya ramar da ke a farko yana iya zama daidai da buƙatarki yanzu. Sai dai gishiri da lokacin al'ada kan sa jiki ya riƙe ruwa, sikeli ya ruɗe ki. Ki jira mako uku. In nauyin bai motsa ba, ki cire kalori 100 zuwa 200 a rana, ki fara da mai: babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kusan kalori 120 ne, kuma a miya ba a ganinsa.

Za ki ce motsa jiki ya ba ki damar ƙara loma. Tafiyar rabin awa da sauri kusan kalori 150 take ƙonawa, gorar Coca-Cola mai rabin lita kuwa ta haura 200. Wasu za su ce ki raba abincinki biyu a wuce wurin. Wannan ya fi damuna, domin matsananciyar yunwa tana cinye tsoka tare da kitse, tsoka kuwa tana ƙona kalori ko kina zaune. Ki riƙe wake, ƙwai da kifi, kuma kada ki sauka ƙasa da kalori 1,200 a rana sai da shawarar likita, musamman in kina shayarwa ko kina da ciwon suga.