Kafin Ka Tura Babur Wurin Bakanike

Idan Boxer ɗinka ya ƙi tashi da sanyin safiyar hunturu, kada ka yi ta buga kik har gumi ya keto maka. Ja cok tukuna. In ya ƙi, kwance fulogi ka duba bakinsa. Ka gan shi baƙi ƙirin? Galibi ƙurar lungunan Kawo da Rigasa ce ta toshe soson iska, injin yana shan fetur fiye da kima. Wanke soson, ya bushe, ka ɗan shafa masa mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan ɗan aikin kuɗi ne a aljihu.

Za ka Panteka sayen sarƙa? Haɗa da haƙoranta, domin tsofaffin haƙora cinye sabuwar sarƙa suke yi. Ni dai taya mai kyau da birki nake fara saya kafin kayan ado.