Hukuncin Ƙayyade Farashi Da Kuɗin Wutar Lantarki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya zauna da teloli da masu injin niƙa na Ƙofar Wambai a ƙarshen wata, ya san maganar da ta fi yawa a bakinsu ita ce takardar kuɗin wuta. A cikinsu akan sami mai cewa hukuma ba ta da ikon yanka farashi a Musulunci, don Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi yin haka. Hadisin kam ingantacce ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi daga Anas ɗan Maliku, cewa kaya sun yi tsada a Madina, jama'a suka roƙi Annabi ya yanka musu farashi, bai yarda ba, ya nuna musu cewa tsada da araha a hannun Allah suke, kuma ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da hakkin wani a kansa. Wannan shi ne asalin hukunci game da abin da malamai ke kira tas'iri.

Amma fa kasuwar Madina kasuwa ce ta masu sayarwa da yawa. Wanda bai ji daɗin farashin wannan ba, sai ya matsa gaba. Haka sha'anin gawayi da itace da iskar gas na girki yake a Kano, shi ya sa hukuncin asali ya fi kusa da su, muddin ba a haɗa baki ko an ɓoye kaya ba. Wutar lantarki kuwa daban take. Tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa 1 ga watan Nuwamba na 2013 da aka miƙa rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ga kamfanin KEDCO, mai sayarwa ɗaya ne, waya ɗaya ce ke shiga unguwa. Ibnul Ƙayyim ya bayyana a cikin Aɗɗuruƙul Hukmiyya cewa idan aka keɓe sayar da wani abin buƙata ga wasu mutane sanannu, to, wajibi ne a yanka musu farashi na adalci, domin in ba haka ba sai su ci jama'a yadda suka ga dama. A mazhabar Malikiyya ma, Albaji ya kawo a cikin Almuntaƙa yadda Ibnu Habibi ya tsara abin: shugaba ya tara manyan 'yan kasuwa da wasu amintattu, ya binciki yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan a tsaya a kan abin da zai bar musu riba bai kuma cuci talakawa ba. Ashe ke nan aikin hukumar NERC, wadda dokar 2005 ta kafa, yana da gurbi a fiƙihu, in dai an cika sharaɗin bincike da sauraron ɓangarorin biyu.

Sai dai yanka farashi ba ya amfani idan babu mudu. Ciniki ba ya inganta sai an san abin da aka saya da yawansa. Gidan da ba shi da mita, aka kintata masa kuɗi, daidai yake da wanda aka ce ya biya kuɗin gero tiya goma alhali ba a auna a gabansa ba. Wannan jahilci ne a cikin abin sayarwa, shi ne kuwa ƙofar husuma. A watan Fabrairu na 2020 hukumar ta sanya iyaka ga kuɗin kintace. Hakan ya rage ɓarna, amma ma'auni shi ne magani.

Akwai kuma tsayayyen kuɗin da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba. A Ingila, inda hukumar Ofgem ta fara sanya rufi ga farashin gas da lantarki na gidaje a Janairun 2019, ana biyan irinsa kullum, a matsayin ladan wayoyi da bututu. A fiƙihu wannan ya fi kama da haya, ita kuwa haya ana cin kuɗinta ne idan amfanin yana nan a shirye. Gidan da ya rushe ba a bin ɗan haya kuɗinsa. Inda unguwa za ta yi kwana da kwanaki a duhu, hujjar karɓar wannan kuɗi ta yi rauni ƙwarai. An soke shi a Nijeriya daga 1 ga Fabrairu 2016.

Da wannan ma'auni za a duba ƙarin watan Afrilu na 2024, wanda ya kai yunit ɗaya Naira 225 ga rukunin A bisa alkawarin wutar awa 20 a rana. Sharaɗi ne aka gindaya, farashin kuwa yana rataye da cikarsa. Mai saye shi ma sharaɗin ya hau kansa: wanda ya zagaye mita ya ja waya a ɓoye ya ci dukiyar da ba tasa ba, kuma sau da yawa maƙwabtansa marasa mita ne ake raba wa nauyin abin da ya sha.