Lissafin da ke Cikin Wasan Dara: Motsi da Hatsarinsa

A garuruwan Boɗinga da Shagari, kamar sauran ƙasar Sakkwato, dara tsohon wasa ne da ake yi a ƙasa, a inuwar itace. Mutane da yawa sun ɗauke ta hira ce kawai, alhali kuwa cike take da lissafi.

Tsarin fage

Akan haƙa gidaje 30, wato layi 5, kowanne da gida 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wani duwatsu, wani tsinkaye. Idan an gama zubawa, gidaje 6 ne kacal ke saura. Ɗa yana matsawa gida ɗaya ne, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku a miƙe ya ci ɗan abokin wasansa ɗaya.

Gidajen ba darajarsu ɗaya ba. Guda 4 na kusurwa suna da mafita biyu-biyu, 14 na gefe uku-uku, 12 na tsakiya kuwa huɗu-huɗu. Hanyoyin jera uku 38 ne: 20 a kwance, 18 a tsaye.

Kowane motsi da kuɗinsa

Ɗan da ya tare 'ya'ya biyu na abokin wasa mai gadi ne. Da zarar ya gusa, ƙofa ta buɗe. In abokin yana da na uku a kusa, sai ya shiga ya ci. Saboda haka gwani yakan duba gidan da zai bari kafin wanda zai shiga.

Irin wannan doka tana cikin wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A bugun 2014, jarumi yakan yi tafiyar ƙafa 30 a zagaye guda, wato gida 6 masu faɗin ƙafa 5. In ya fice daga inda makamin abokin gaba ke kaiwa, ya ba shi damar kai masa sara nan take, sai fa idan ya sadaukar da harinsa domin ya janye lafiya.

Aikin aji

Malamai su sa ɗalibai su zana fage mai layi 6 da gida 6, su ƙirga gidajen tsakiya da hanyoyin jera uku, sannan su bayyana dalilin da ya sa ɗan kusurwa ya fi saurin toshewa.