Rubutun Intanet Yana Rikita Min Takarda

Tambaya: Malam, daga Basunda nake, jihar Gadarif. In na kwafo farashin riɗi daga intanet zuwa Word, launuka da manyan haruffa sukan biyo shi. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, laifin ba na kwamfutarka ba ne. Da HTML ake gina shafukan intanet, kuma alamominsa na ɓoye suna tafiya tare da kalmomin. Fara manna rubutun a Notepad, domin shi zallar haruffa kawai yake riƙewa, sannan ka kwashe zuwa Word. Za ka ce jadawalin farashi zai wargaje. Haka ne, shi ya sa lambobi gara ka manna su a Excel. Wajen adanawa a Notepad zaɓi UTF-8, kada ƙ da ɗ da Larabci su lalace.